Yadda Sabon Shiga Zai Zaɓi Nau'in Linux da Ya Dace da Kwamfutarsa

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba bai wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 da ta gaje ta ba kowace kwamfuta take yarda ta hau ba, domin tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da kuma firosesa na baya-bayan nan, wanda a ɓangaren Intel galibi sai daga zubi na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake saye a Farm Centre ko titin Beirut a Kano, irin tsofaffin HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, lafiyarsu ƙalau, amma ba su cika wannan sharaɗi ba. Mai irin wannan kwamfuta yana da zaɓi uku: ya ci gaba da manhajar da aka daina toshe mata kafofin ɓarna, ko ya sayi sabuwa da tsadar da kowa ya sani, ko ya ɗora mata babbar manhaja ta kyauta wadda tushen rubutunta yake a buɗe, wato Linux. Wannan jagora na wanda ya karkata ga zaɓi na ukun ne, kuma bai taɓa gwadawa ba.

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne, idan ya je neman Linux ba zai tarar da abu guda ba, sai ɗaruruwan sunaye. Dalili kuwa shi ne abin da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fara rubutawa a 1991 ƙwaya ce kawai, wato sashen da ke magana da ƙarfen kwamfuta kai tsaye. Sai an haɗa wannan ƙwaya da kayan aikin GNU, shirin da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983, da fuskar da mutum zai riƙa gani yana latsawa, da manhajojin yau da kullum, sannan a samu abin da za a iya aiki da shi. Da yake lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya kuma rarraba, sai ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban suka riƙa yin nasu haɗin. Kamar injin mota ɗaya ne da masu ƙira suka ɗora wa jiki iri-iri, wannan ta ɗaukar kaya, waccan ta tsere, wata kuma ta kai yara makaranta. Saboda haka tambayar wacce ta fi kyau ba ta da amsa sai an san kwamfutar da za a ɗora mata, da aikin da za a yi da ita.

Fara da aikinka, kafin ka dubi kowane suna

Kafin a sauke komai, ya kamata mutum ya zauna ya rubuta manhajojin da ba zai iya wuni bai buɗe ba. Idan aikinsa bai wuce shiga intanet, rubuta takardu, lissafi a jadawali, kallon bidiyo da halartar darasi ta Zoom ba, to babu abin da zai rasa. Firefox da Google Chrome da VLC da Telegram da Zoom duk suna da nau'in da ke aiki a Linux, WhatsApp kuma ana buɗe shi ta cikin burauza. A madadin Microsoft Office akwai LibreOffice, wadda ke buɗe fayilolin Word da Excel da PowerPoint, tana kuma adanawa a tsarinsu. Mai koyon rubuta manhaja ma ya fi kowa cin riba, domin mafi yawan sabobi, wato kwamfutocin da shafukan intanet ke zaune a kai, Linux suke amfani da ita, kuma kayan aikinsa irin su Python da Git da Visual Studio Code a nan suka fi sakewa.

Amma akwai waɗanda gaskiya ita ce a ce musu su dakata. Mai shagon buga takardu da ke cin abinci da CorelDRAW, yana zana katin biki da kalanda da allon talla, ba zai samu CorelDRAW a Linux ba, haka ma Photoshop da AutoCAD. Akwai Inkscape da GIMP da Krita, kuma manhajoji ne masu ƙarfi, sai dai koyonsu yana cin lokaci, kuma abokin hulɗar da ya kawo fayil ɗin Corel a filashi yana jira a tsaye ba zai saurari bayanin cewa ana kan koyon sabon abu ba. Akwai wata manhaja mai suna Wine da ke ƙoƙarin gudanar da manhajojin Windows a cikin Linux, wani lokaci ta yi, wani lokaci ta ƙi, kuma ba na ba da shawarar a jingina sana'a a kanta. Irin wannan mutum ko dai ya bar Windows a kwamfutar aiki ya gwada Linux a wata, ko ya ajiye su biyun a kwamfuta ɗaya, abin da za mu zo kansa.

Sai kuma ita kanta kwamfutar. A Windows, idan aka shiga Settings, sannan System, sannan About, za a ga girman ram da sunan firosesa da kuma ko tsarin 64-bit ne ko 32-bit. Waɗannan bayanai uku su ne za su rage maka dogon jerin sunayen nan zuwa biyu ko uku. Kwamfutar da ke da ram gigabait 8 ko fiye za ta ɗauki kowane nau'i ba tare da nishi ba. Mai gigabait 4 za ta yi aiki da kyau idan aka zaɓa mata fuska marar nauyi. Mai gigabait 2 kuwa sai an yi mata sassauci sosai, kuma ya kamata a sani cewa ba Linux ce za ta cinye ram ɗin ba, burauza ce, domin shafukan intanet na yanzu nauyinsu ɗaya ne a kowace babbar manhaja. Wanda yake da ɗan hali, ƙara ram da sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da na SSD zai fi sauya masa gudun kwamfuta fiye da duk wani zaɓin manhaja.

Sunayen da suka cancanci a duba

Ga mafi yawan waɗanda suka fito daga Windows, shawarata ita ce Linux Mint, kuma zan ɗan tsaya a kanta domin dalilan suna da yawa. Wani Bafaranshe mai suna Clément Lefèbvre ne ya fara ta a 2006, an kuma gina ta ne a kan Ubuntu, wani nau'in Linux da za mu zo kansa. Babbar fuskarta, Cinnamon, tana da maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, da sandar da ke nuna tagogin da aka buɗe, da agogo da alamar batir a dama, wato daidai inda idon mai Windows ya saba dubawa, don haka hannu ba ya ɓata a ranar farko. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice a ɗore, tana da ma'ajiyar manhajoji da ake nema a latsa kamar yadda ake yi a Play Store, da wani sashe mai suna Driver Manager da ke nemo direbobin Wi-Fi da na katin hoto, wato ƙananan manhajojin da ke sa waɗannan sassa su yi aiki, da kuma Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin kwamfuta domin a iya komawa baya idan wani abu ya lalace. Masu ita sun ce tana iya tashi da ram gigabait 2 da wurin ajiya gigabait 20, amma sun fi son a ba ta gigabait 4. Ga kwamfuta mai rauni akwai Mint ɗin da ke da fuskar Xfce ko MATE, cikinsu ɗaya ne da ta Cinnamon, kwalliyar ce kawai aka rage.

Wani abin da ya sa na fifita ta shi ne tsawon wa'adin kulawa, kuma wannan batu ne da sabon shiga ba ya yawan lura da shi. Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, tana sakin sabon zubi duk wata shida, a Afrilu da Oktoba, kuma lambar zubin ita ce shekara da wata, wato 24.04 na nufin Afrilun 2024. Zubin da ake yi wa laƙabi da LTS yana fitowa ne duk shekara biyu, ana kuma kula da shi shekara biyar, sauran kuwa wata tara kacal. Mint a kan na LTS kaɗai take ginuwa, shi ya sa Mint 22 da ta fito a 2024 za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Ga mutumin da ke sayen data da kuɗin aljihunsa, bambancin da ke tsakanin sauya babbar manhaja gaba ɗaya duk wata tara da kuma zama a kan guda shekara biyar ba ƙarami ba ne.

Ita kanta Ubuntu zaɓi ce mai kyau, kuma ta fi kowace yawan darussa da amsoshin tambayoyi a intanet, sai dai fuskarta ta GNOME ta fi kama da ta waya ko ta Mac, zubinta na 24.04 yana son ram aƙalla gigabait 4, kuma fayil ɗin saukar da shi ya kusa gigabait 6, alhali na Mint bai wuce kusan 3 ba. Idan za a ɗauke ta, a ɗauki ta LTS. Zorin OS, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka kafa a ƙasar Ireland, ita ma a kan Ubuntu take, an kuma ƙawata ta musamman domin ta yi kama da Windows; nau'inta na Core kyauta ne, na Pro kuma na kuɗi, kuma sabon shiga ba ya buƙatar na kuɗin. Lubuntu da Xubuntu na tsofaffin kwamfutoci ne. Wadda ta tsufa ƙwarai har take 32-bit, Ubuntu da Mint sun daina yi mata zubi, sai a nemi irin su antiX.

Fedora, wadda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinta, tana da inganci, amma kowane zubi nata kimanin wata goma sha uku yake samun kulawa, kuma sabuntawarta tana da yawa. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, kuma uwar Ubuntu, ba ta da na biyu wajen tsayuwa daram, sai dai tana ɗauka cewa mai ita ya riga ya san abin da yake yi. Arch kuwa mutum ne ke harhaɗa ta da hannunsa. Duk waɗannan suna nan suna jira bayan an kwana biyu a harkar.

Akwai guda da nake so in ja kunne a kanta, wato Kali Linux. Matasa da dama sun fara jin sunan Linux ne daga bidiyoyin kutse, sai su ɗauka Kali ita ce Linux ɗin gwanaye, su ɗora ta a kwamfutar da suke rubuta aikin makaranta da ita. An ƙera Kali ne domin ƙwararrun masu gwajin tsaron na'urori, kuma masu ita da kansu sun rubuta a shafinsu cewa ba su ba da shawararta ga wanda bai saba da Linux ba. Wanda ke sha'awar fannin tsaro ya fara da Mint ko Ubuntu, ya iya su sosai, daga baya ya buɗe Kali a cikin kwamfutar kwaikwayo irin ta VirtualBox.

Gwaji kafin ɗorawa

Babbar falalar waɗannan manhajoji ita ce ana iya tayar da su daga filashi ba tare da an taɓa komai a cikin kwamfuta ba, kuma wannan mataki bai kamata a tsallake shi ba ko da an ƙagu. Ana buƙatar filashi mai gigabait 8, wanda babu wani abu mai muhimmanci a cikinsa domin za a goge shi ƙarƙaf. A sauke fayil ɗin ISO, wato wanda ke ɗauke da babbar manhajar baki ɗaya, daga shafin masu manhajar na asali, kada a karɓa daga wani shafi da ke tara manhajoji barkatai. Wanda datarsa ba ta da yawa zai iya jiran garaɓasar dare, ko ya kwafa daga wanda ya riga ya sauke, tunda lasisin ya halatta hakan. A kowane hali yana da kyau a gwada lambar tantancewa ta SHA256 da masu manhajar ke wallafawa da ta fayil ɗin da ke hannu, domin saukarwar da ta yanke a tsakiya tana iya ba da fayil mai kama da lafiyayye, sai an yi nisa da ɗorawa ya tsaya cak. Kwafa fayil ɗin cikin filashi kai tsaye ba ya wadatarwa. Sai an rubuta shi da Rufus ko balenaEtcher. Akwai kuma Ventoy, wadda ke ba da damar zuba fayilolin ISO da yawa a filashi ɗaya idan yana da wurin da zai ɗauke su, ta yadda za a gwada Mint da Zorin da Ubuntu a zama guda.

Daga nan sai a kashe kwamfuta, a soka filashin, a kunna, a riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi tun kafin tambarin Windows ya bayyana. A HP yawanci F9 ne, a Dell da Lenovo kuma F12. Idan fuskar Linux ta buɗe, kada a tsaya kallon hoton bango. A haɗa Wi-Fi a ga ko yana ganin hanyoyin sadarwa, a kunna bidiyo a ji sauti ta lasifika da ta abin kunne, a ƙara hasken allo a rage, a buɗe kyamara, a soka firinta idan akwai, a rufe murfin kwamfutar a buɗe a ga ko ta farka. Sannan a buɗe ɗaya daga cikin takardun Word ɗinka na gaske, mai jadawali da lambobin shafi, a ga yadda ta zauna a LibreOffice. Za a ji kwamfutar tana ɗan jan ƙafa a wannan gwaji, amma laifin filashi ne, ba haka za ta kasance bayan an ɗora ba.

Abin da ya fi yawan ƙin aiki shi ne Wi-Fi, musamman a kwamfutocin da ke da katin Broadcom ko wasu na Realtek. Maganinsa ba wuya: a haɗa waya da kwamfutar ta igiyar caji, a kunna raba intanet ta USB a wayar, sai a buɗe Driver Manager ya sauko da direban da ya dace. Idan nau'i ɗaya ya ƙi jituwa da kwamfutarka bayan wannan, wani kuma ya yi aiki lami lafiya, to ka ɗauki wanda ya yi aikin, ko da ba shi aka fi yabo ba.

Ranar ɗorawa

Kafin komai a kwashe hotuna da takardu da duk abin da ba a son rasawa zuwa wani faifai na waje, a kuma buɗe wasu daga ciki a tabbatar sun kwafu. A cika batir, kuma idan batirin ya mutu, kamar yadda yake a kwamfutocin hannu da yawa, kada a fara sai an tabbatar da wutar da ba za ta ɗauke ba, ta inbata ko ta sola, domin yankewar wuta a lokacin da ake raba faifai tana iya barin kwamfuta ba Windows ba Linux. Wanda zai ajiye su biyun tare ya fara kashe Fast Startup a Windows, kuma idan faifansa a kulle yake da BitLocker, ya nemo mabuɗin ceto mai lamba 48 ya rubuta a takarda tukuna.

Manhajar ɗorawa za ta yi tambayoyi kaɗan: harshe, tsarin allon rubutu, gari domin saita agogo, suna da kalmar sirri. Mutanen Nijar da Kamaru da Chadi da kwamfutocinsu ke da haruffa a jeren Faransanci su lura su zaɓi tsarin AZERTY, in ba haka ba kalmar sirrin da suka rubuta za ta ƙi buɗewa daga baya. A Mint akwai wani ɗan akwati na ɗora kayan kunna sauti da bidiyo, a sa masa alama. Shafi ɗaya ne ke buƙatar a karanta shi sau biyu, shi ne wanda ke tambaya ko a ɗora Linux a gefen Windows ko a goge faifan baki ɗaya. Zaɓi na biyu yana nufin abin da ya faɗa, kuma babu komawa baya bayan an latsa. Ga sabon shiga da ke da wurin ajiya isasshe, zama da su biyun na wasu watanni ya fi kwanciyar hankali, duk lokacin da aka kunna kwamfuta sai ta tambayi wacce za a shiga.

Makonnin farko

Bayan ɗorawa, sabuntawar farko takan yi nauyi, don haka a tanadar mata data. A kunna Timeshift, tare da sanin cewa tsarin kwamfuta take adanawa, ba ta ɗaukar takardu da hotunan mutum sai an nemi hakan, saboda haka ba ta maye gurbin faifan waje. Wajen ɗora manhajoji a riƙa bi ta ma'ajiyar da ta zo da tsarin, a bar ɗabi'ar farautar fayiloli a shafuka. A Mint za a ga wasu manhajojin suna da nau'i biyu, na tsarin da na Flatpak. Na Flatpak ya fi zama sabo, amma na farkon da aka ɗora yakan janyo ɗaruruwan megabait na kayan tallafi, kuma ma'ajiyar tana nuna girman abin da za a sauke kafin a latsa.

Mai rubutu da Hausa zai ji daɗin sanin cewa a cikin jerin tsare-tsaren allon rubutu akwai na Hausar Najeriya da na Hausar Gana, waɗanda ke ba da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ, kuma ana iya duba hoton tsarin a ga inda kowane harafi yake. Ɗalibin da zai kai aikinsa shagon bugawa kuwa ya riƙa mayar da shi PDF tun daga gida, domin Linux ba ta zuwa da Times New Roman da Calibri, tana musanya su ne da wasu masu faɗi iri ɗaya kamar Liberation Serif da Carlito, kuma duk da haka wani lokaci jadawali ko kan babi yakan gusa idan aka buɗe takardar a Word.

Taminal, baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, ba dole ba ne a ayyukan yau da kullum, amma za a ci karo da shi a amsoshin intanet. Duk umarnin da ya fara da sudo yana aiki ne da cikakken iko a kan kwamfuta, don haka kada a kwafa a liƙa abin da ba a fahimta ba, kuma a duba shekarar amsar da zubin da take magana a kai. Idan taminal ya nemi kalmar sirri ba ya nuna komai yayin da ake rubutawa, ko ɗigo, kuma hakan ba matsala ba ce. Wajen neman taimako a faɗi sunan nau'in da lambar zubinsa da samfurin kwamfutar, a kuma kwafo saƙon kuskuren yadda yake; da yake Mint da Zorin a kan Ubuntu suke, yawancin amsoshin Ubuntu suna yi musu aiki.

Wanda ya ajiye Windows da Linux tare zai lura da wani ɗan abu: bayan ya fito daga Linux ya shiga Windows, agogo zai koma baya da awa ɗaya a Najeriya da Nijar. Dalili shi ne Linux tana ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gari, mu kuwa muna gaban UTC da awa guda. Mutanen Gana ba za su ga wannan bambanci ba tunda lokacinsu daidai yake da shi. Ana gyara shi da umarni ɗaya a taminal, timedatectl set-local-rtc 1, sannan a saita agogon Windows sau ɗaya.